Tsohon lensi: wane baki za ka bi kafin ka zuba kuɗinka?

Kafin ka tambayi kuɗin tsohon lensi, fara tambayar bakinsa, wato mahaɗar da yake shiga jikin kyamara. Kowane kamfani da irin nasa, kuma wanda ka fara saye shi zai ja ka shekara da shekaru, domin lensi na biyu da na uku duk a kansa za ka ɗora. Shi ne ma zai zaɓar maka abokai. Mu 'yan bakin K na Pentax ba mu da yawa, shi ya sa idan biyu suka haɗu a wurin biki sai ka ga sun manta da ango, suna musayar lensi a gefen rumfa.

Canon FD gilashinsa na da kyau, amma kamfanin ya watsar da shi a 1987 ya koma bakin EF, kuma a kan kyamarar EOS mai madubi sai da adafta mai ƙarin gilashi, wadda ke cinye kyan hoton. Bakin A na Minolta, wanda ya fito a 1985, Sony ta gaje shi a 2006, ta fitar da A99 II a 2016, daga nan shiru kake ji. Mutanensa har yau suna jin ciwon abin. Nikon F tun 1959 yake, ya cancanci girmamawa. Sai dai lensin da aka ƙera kafin 1977 zai iya lalata ɗan maɗaurin da ke bakin kyamarori da dama, ƙananan kyamarorin Nikon irin su D3200 kuma ba sa auna haske da lensin hannu ko kaɗan. Akwai masu cewa ka sayi kyamara marar madubi kawai, ka ɗaura mata komai da adafta. Yana aiki, ban musa ba, amma zaman haya ne.

Pentax ta fito da bakin K a 1975. Shekara guda bayan nan kyamarar K1000 ta zo, aka yi ta ƙera ta har 1997, kuma da ita ɗalibai masu yawan gaske suka koyi ɗaukar hoto a makarantun ƙasashe daban-daban. Amfanin wannan gare ka shi ne lensin bakin K sun cika duniya, farashinsu da sauƙi, kuma wanda aka ƙera a 1975 zai shige K-1 ta 2016 ko K-3 Mark III ta 2021 ƙas, ba adafta. Na'urar hana rawar hannu a jikin kyamarar take. Da ka kunna za ta tambaye ka tsawon lensin, ka ce 50, shi ke nan, gilashin da ya girme ka ya samu gata irin na sabo.

Lensin da ke da harafin A a zobensa, waɗanda aka fara a 1983, kyamara ce ke sarrafa ƙofar haskensu, ba ka da aiki sai saiti da hannu. Na jerin K da M kuwa sai da koren maɓalli: ka ba da izinin amfani da zobe a cikin saitin kyamara, ka sa ta a M, wato tsarin sarrafawa da hannu, ka zaɓi ƙofar, ka danna koren, ita kuma ta auna haske ta zaɓi saurin shota. Mai farawa yakan yi ƙorafi, kafin ya ankara yatsansa ya saba. Sannan tazarar da ke tsakanin baki da sensa milimita 45.46 ce, daidai da ta tsohon bakin M42 mai murɗi, don haka da ɗan siririn zobe za ka ɗaura Takumar, tsohon lensin Pentax, ko Helios 44-2 na Tarayyar Sobiyet, mai murɗa bayan hoto.

In da ni ne zan fara yau, K-5 ko K-3 ta hannu zan saya, da SMC Pentax-M 50mm f/1.7. A kan waɗannan jikunan hamsin na ba da kusurwa irin ta saba'in da biyar, daidai fuskar amarya da lallenta. Jikin a toshe yake daga ƙura da yayyafi, abin da mai aiki da hunturu zai yaba, ko da yake tsohon lensin shi ba a toshe yake ba. Mai hali ya nemi K-1 da FA 77mm f/1.8 Limited na 1999. Wannan lensin ne kaɗai na san abokai ba sa ba da aronsa sai mai shi yana tsaye.

Takaicin ma akwai shi. An nuna samfurin kyamara mai cikakken firam, wato mai sensa girman fim na milimita 35, a 2000, aka fasa, jama'a suka yi ta jira har K-1 ta fito a 2016. Kamfanin ya koma hannun Hoya, daga baya Ricoh ta saye sashen kyamarar a 2011. Sigma da Tamron sun daina yi mana sabbin lensi. Saitin da kyamara ke yi da kanta ba ya bin abu mai gudu yadda na abokan hamayya ke yi, don haka mai ɗaukar dawakin hawan sallah ko mai aikin bidiyo ya nemi wani wuri. Da aka fitar da Pentax 17 mai fim a 2024, wasunmu suka yi murna, wasu suka ce mu sabon jiki muke jira an kawo mana wasan yara. Duk shekara sai wani ya koma Sony. Za a yi masa tsiya kwana biyu, sannan a tambaye shi ko zai sayar da lensin da ya bari. Kayan gyara kuwa a nan gida, sai dai wani a cikinmu ya ciro daga matacciyar kyamararsa ya ba ka.

Sai batun da ya fi damuna, domin an taɓa aiko min da lensi daga wani mai sayarwa a intanet, hoton tallarsa tas, cikinsa kuwa fumfuna ta yi saƙa. Kada ka biya sai ka riƙe shi a hannu. Cire murfin gaba da na baya, buɗe ƙofar gaba ɗaya, haska tocilar waya ta ɗaya gefen, ka leƙa a karkace. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane tsohon lensi na da ita. Zare-zare masu rassa fumfuna ce, kuma idan ta daɗe takan cinye rufin gilashin, wanki ba ya mayar da shi. Za a ce maka, "Alhaji, ƙura ce kawai, goge ta za a yi." Mayar masa da abinsa. Farin hazo a ciki shi ma matsala ne, haka launin bakan gizo a gefe, alamar gilasai biyu da aka manne sun fara rabuwa.

Duba ganyayyakin ƙofar: a bushe ake so su kasance, su rufe su buɗe nan take idan ka taɓa ɗan hannun da ke baya. Masu sheƙin mai za su riƙa ba ka hoto mai farin haske. Duba kan sukurori da zoben gaba. Idan akwai karce, an taɓa buɗe shi, kuma ba kowane mai gyara ne ke mayar da gilashi yadda ya same shi ba. Ɗaura shi ka saita abu mai nisa, kamar hasumiyar masallaci, ka gani ko zai fito ras.

Rawaya a cikin Super Takumar 50mm f/1.4 ba cuta ba ce. Sinadarin toriyom da ke gilashin ne ke jawo ta, hasken rana na rage ta, sai dai ka nemi ragi a kanta.

Adaftar M42 ma akwai jabu. Ta ƙwarai tana nutsewa cikin bakin kyamara daidai da fuskarsa. Mai leɓe a waje tana tura lensi gaba, ba za ka taɓa saita nesa ba, kuma masu sayarwa ba sa faɗa.

A jikuna, K-30 da K-50 da K-S2 an san su da mutuwar ɗan maganaɗisun da ke sarrafa ƙofar haske, hoto ya riƙa fita baƙi. Mai wayo yakan yi ta danna shota kafin ka iso har ta farfaɗo, don haka ka ce a kashe ta ta huta, sannan ka gwada hoton farko da lensi a kan A. K-5 da K-3 da K-1 ba su da wannan tsarin.

Lensin Ricoh mai harafin P, duk da bakin K ne, yana da ɗan fil a baya da ke faɗawa ramin saiti na kyamarar Pentax ya maƙale. Idan ka ga Rikenon P, ko wani lensi mai rubutun KR, juya bayansa ka nemi fil ɗin, a cire shi kafin ya kusanci kyamararka.