Filashin da ya fito mini da idon akawal

Rabin aikina a Garwa yanzu hoton dabbobi ne. Mai doki yana son hoton dokinsa kafin hawan sallah, mai tantabara yana son na waɗanda yake ji da su, ga masu ragunan da ake ɗaurewa a ƙofar gida ana ɗura musu dusa da harawa tun kafin watan Layya ya kama. Duka a waje ake ɗauka, kuma ba sa tashi kira sai rana ta take.

Wani Alhaji a unguwar Yelwa ne ya sa na canja filashi. Dokinsa akawal ne, baƙi ƙirin. Na je da wani ɗan filashi mai arha da ke cin batir huɗu irin na rediyo. Duk haskawa ɗaya sai na tsaya jira ya cika, kafin nan doki ya kawar da kai. Da na ƙara saurin kyamara ya wuce 1/200 na daƙiƙa don in rage ƙarfin rana, sai baƙin layi ya cinye gefen hoton. Alhaji ya duba, ya ce, "Malam mai hoto, ina idon dokina?" Gaskiyarsa, rami biyu kawai ake gani.

Na yi sautun filashin Godox V860II daga Duwala, haɗe da X1T, ɗan abin da ake ɗorawa kan kyamara yana tayar da filashin daga nesa ba waya. Batirinsa na caji ne, kamfanin ya ce yana haskawa sau 650 da cikakken ƙarfi, yana kuma cika cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Ban zauna na ƙirga ba, amma na wuni da shi a bakin Binuwai ina bin dawaki, na dawo da saura. A garin da ake yawan ɗauke wuta, wannan ya fi mini komai.

Abin da ya raba ni da baƙin layin nan shi ne HSS, wani tsarin haskawa da filashin ke da shi. Maimakon walƙiya guda, filashin yana sakin ƙananan walƙiyoyi a jere, don haka kyamara na iya gudu har 1/8000. Sai dai hakan yana cin ƙarfinsa sosai. Da rana tsaka dole yaron da ke riƙe mini shi a kan sanda ya matso kamar taku uku daga kan dabbar. In doki da mahayinsa kake son haskawa gaba ɗaya daga nesa, nemi babban yayansa AD200, ka kuma shirya aljihu.

Na fi jin daɗin cire filashin daga kan kyamara. Idon doki da na rago da na kare yana da wani shafi a can ciki da ke mayar da haske, shi ya sa yake ƙyalli kore in an haska shi gaba da gaba. Daga gefe kuwa wannan ƙyallin ba ya fitowa, gashin jiki ma ya yi sheƙi. Baƙar dabba tana ruɗin awon da filashin ke yi da kansa, sai ya zuba haske fiye da kima, don haka nake rage masa mataki ɗaya. A kan farin balami kuma ƙarawa nake yi.

Kuskurena na farko shi ne haska doki ba sallama. Saura kaɗan ya take ƙafar yaron barga. Yanzu ina farawa da 1/128, mafi ƙarancin ƙarfin filashin, in haska ƙasa sau biyu ko uku ya saba. Rago ko a jikinsa. Tantabara dai har yau muna ja-in-ja.

Takardar filashin ta ce bayan haskawa 30 a jere da cikakken ƙarfi a bar shi ya huta minti 10, kuma a zafin watan Afrilu ba na ma bari ya kai nan. Lokacin hunturu a tsohuwar safa nake cusa shi saboda ƙura.

Na koma wurin akawal da la'asar sakaliya, yaro na dama da sanda. Wannan karon idon ya fito har da ɗan ɗigon haske a ciki. Alhaji ya sa aka wanke babba, yana rataye a zaurensa, kuma tuni ya aiko wai saura ragon.