Lasisin cikin gari ko na firi zon a Dubai: amsa ga Alhaji mai kayan waya

Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda ka ce kayan waya kake sarowa daga Chaina da Deira, unguwar kasuwa ta Dubai, wasu ka tura Kano, wasu kuma kana so ka kama shago ka riƙa sayarwa a can Dubai ɗin, to kada ka wahalar da kanka: yi lasisin cikin gari. Firi zon, wato keɓaɓɓen yankin kasuwanci mai hukumar ba da lasisi tasa daban, ba naka ba ne a yanzu.

Abin da ya riƙa kora mutanenmu zuwa firi zon a da shi ne kafili. Tsohuwar dokar kamfanoni ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ce dole ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51 na kamfanin cikin gari, kai mai kuɗin ka tashi da 49, sannan duk shekara ka biya shi ladar aron suna. An gyara dokar a ƙarshen 2020, gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Yuni 2021, kuma yau baƙo yana mallakar kamfanin saye da sayarwa ɗari bisa ɗari, ko da shi kaɗai ne. Abin da aka keɓe kaɗan ne: harkar tsaro, banki, canjin kuɗi, inshora, sadarwa, da hidimar Hajji da Umara. Kayan waya ba sa ciki. Duk wanda ya ce maka har yanzu sai da Balarabe, ko dai ya kwana biyu bai leƙa ba, ko yana da Balaraben da yake son ya haɗa ka da shi.

Daɗin lasisin cikin gari shi ne ƙofarka a buɗe take ga kowa. Ka kama shago a Naif ko bakin Baniyas, ɗan Kano ya shigo ya sayi kwali uku da kuɗi a hannu, ɗan Kamaru ya ɗauki goma, Ba'indiyen da ke maƙwabtaka da kai ya karɓi ashirin bashi zuwa Alhamis, duka halas ne a lasisinka, rasit ɗaya kake yanka musu. Kasuwar Deira ke nan, haka take ci.

Hanyar kuma a miƙe take. Hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai, wadda ake kira DET, ita ke ba da lasisin. Za ka zaɓi nau'in sana'a, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe: lasisin sayar da waya da kayanta daban, na kwamfuta daban, na ciniki gama-gari daban kuma ya fi tsada. Abin da ba ya cikin lasisinka kwastan na iya riƙe shi, banki kuma ya tambaye ka dalilin kuɗinsa. Bayan nan sai rajistar suna, izinin farko, takardar kafa kamfani, sai yarjejeniyar haya da aka yi wa rajistar Ejari, wato rajistar haya ta gwamnatin Dubai. Lasisi ya fito, ka buɗe fayil a hukumar shige da fice, ka yi bizar mai jari, gwajin asibiti, katin shaida na Emirates ID, sannan asusun banki da lambar kwastan. Kuɗin haya shi ne nauyin wannan hanya, ba zan ɓoye maka ba, shi ya sa ta fi tsada a shekarar farko.

Haraji fa? Shi ne ake tsorata mutane da shi. Kuɗin fito kashi 5 ne na darajar kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora, a kan yawancin kayayyaki. Kwantenar da ka san wucewa za ta yi zuwa Legas, ka shigar da ita da takardar shigowa don sake fitarwa: ajiya za ka yi maimakon biya, idan kayan sun fita cikin wata shida da shaidar kwastan a mayar maka da kuɗinka. Harajin VAT kashi 5 ne tun 1 ga Janairu 2018, rajista ta zama dole idan cinikinka na shekara ya haura dirhami 375,000. Kayan da ka fitar waje ba a ɗora musu komai, muddin sun bar ƙasar cikin kwana 90 kuma kana riƙe da takardar fita da ta kamfanin jigila. Wanda ya miƙa kaya ga mai kago da baki kawai, ba takarda, shi zai biya kashi biyar ɗin daga aljihunsa ranar da aka zo bincike. Harajin riba kuwa ya fara daga Yuni 2023: dirhami 375,000 na farko na riba babu komai, abin da ya haura kashi 9. Akwai kuma sauƙi ga ƙaramin kamfani da cinikinsa bai wuce dirhami miliyan 3 ba, har zuwa ƙarshen 2026. Dirhami a ɗaure yake da dala a kan 3.6725, don haka lissafin ba wuya.

Firi zon yana da ranarsa. Idan kwantena kake saukewa a firi zon na Jabal Ali, wanda aka buɗe tun 1985, ka zuba a sito, ka sake lodawa zuwa Afirka ba tare da kwali ɗaya ya shiga gari ba, babu kuɗin fito, babu ajiya, ya yi. Iyakarsa ke nan a wurina.

Amma lasisin firi zon mai arha da ake talla a Instagram, tebur ɗaya a ofishin haɗaka da biza ɗaya ko biyu, ba zai ba ka shago a Deira ba. Kaya na ƙetare shingen zuwa cikin gari, kashi 5 ya hau, kuma sai ta hannun mai lasisin cikin gari, ko ka nemi ƙarin izini daga DET, hanyar da Dubai ta tsara a 2025, wato ka biya sau biyu. Batun "babu haraji" ma da sharaɗi. Kashi sifili a harajin riba na kamfanin da ke da ofishi da ma'aikata na gaskiya a yankin ne, mai kai littattafansa ga odita duk shekara. Ga mai rarraba kaya, sai yana cikin yankunan da aka ayyana na musamman kamar Jabal Ali da na filin jirgin Dubai, ba kowane firi zon ba, kuma yana sayar wa mai sake sayarwa. Ciniki da mutum a karan kansa, ba kamfani ba, ba ya cikin rangwamen, alhali yawancin 'yan kasuwarmu da sunansu suke saye. Irin wannan ciniki ya haura kashi 5 na cinikinka, ko dirhami miliyan 5, duk wanda ya fi ƙanƙanta, ka rasa rangwamen na shekara biyar. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Ta fuskar shari'a kusan jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Mutane na zaton firi zon yana da kotun Turanci. Yankunan hada-hadar kuɗi biyu, DIFC a Dubai da ADGM a Abu Dabi, su kaɗai ke da wannan. Sauran, rikici ya tashi kotun Dubai za ku je, da Larabci, kuma kowace takarda sai mai fassara mai lasisi ya juya ta. Idan yarjejeniya tana da Larabci da Turanci, na Larabcin alƙali zai duba, saboda haka kada ka sa hannu sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka shi. Kuna iya rubutawa a yarjejeniyar cewa kotun DIFC ce za ta raba ku. Tana da sashen ƙananan ƙararraki har zuwa dirhami 500,000.

Sai caki. Masu gida da manyan diloli za su nemi ka rubuta musu caki na watanni masu zuwa. Tun 2 ga Janairu 2022 cakin da ya dawo don rashin kuɗi ya daina zama laifin ɗauri a mafi yawan lokuta, sai wasu suka ɗauka an sassauta. A'a. Mai cakin zai wuce kai tsaye wurin alƙalin zartarwa ba tare da doguwar shari'a ba, a rufe asusunka, a hana ka fita ƙasar. Kada ka taɓa ba da cakin da ba ka rubuta adadi da kwanan wata ba, ko da sunan amana ne.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa: ka yi hattara da ejan-ejan masu buɗe kamfani, har da 'yan gida masu jin Hausa. Salonsu sananne ne. Za a gaya maka kuɗin shekarar farko a ɓoye na sabuntawa. Za a ce asusun banki tabbas ne, alhali babu mai iya lamunce maka wannan. Banki sai ya ga hayarka, rasitan sari, da bayanin asusunka na gida, kuma mai tebur a firi zon ya fi shan tambaya. Mafi muni shi ne a ce ka zuba kuɗinka a ƙarƙashin lasisin wani, ya yi maka biza a matsayin ma'aikaci, kai kana ganin kanka mai shago. A takarda kaya nasa ne, asusu nasa ne, ranar da kuka ɓata ko ya rasu magadansa ne za su gaji shagon. A Saudiyya irin wannan shi ake kira tasattur, hukuncinsa na kai wa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan 5. Kuɗin hukuma ka nemi takardar biyan da hukumar ta fitar ka biya da kanka, ladar ejan daban, kuma ka duba lambar lasisinsa a shafin DET kafin ka tura ko sisi.

Lasisi na fitowa ka yi rajistar harajin riba ko da ba ka ci ko dirhami ɗaya ba, don jinkiri kaɗai tarar dirhami 10,000 ne. Ka ɗauki akanta tun watan farko, ko na wucin gadi. Idan kuma wata rana ka fasa, ka rufe kamfanin a hukumance ka soke bizar; lasisin da aka yi watsi da shi tara yake tarawa, za ka same ta tana jiranka ranar da ka sake neman biza.