Tuwon wata-wata a Jidda: ra'ayina ga mai tsohon ciki da ƙananan yara

Matan da muke haɗuwa wajen awo sun sha tambayata game da Hajiyar da ke aiko mana da abincin rana: tana da tsabta kuwa, kuɗin ya yi daidai da abin da ake samu, yara suna ci? Amsata ita ce ki shiga, in dai cikinki ya tsufa kuma kina da ƙanana a gabanki, amma ki shiga da sharuɗɗanki a baki tun ranar farko. Ba zan kama sunanta ba, domin a gidanta take girki kuma ba ta son a yi ta yawo da ita. Wadda ke zaune a Jidda ta san iyayenmu masu wannan sana'a suna da yawa, abin da zan faɗa zai yi miki amfani ko wacce kika samu a cikinsu.

Ana biya a farkon wata, ta riƙa aiko da abinci daga Lahadi zuwa Alhamis, ranakun aiki da makaranta ke nan a nan Saudiyya. Juma'a da Asabar tana hutawa. Daren Asabar take turo jerin abincin mako ta WhatsApp, da muryarta, kuma sai ta gama gaishe ki da jiki ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya kafin ta zo kan tuwo. In akwai abin da ba kya ci, a lokacin za ki faɗa, kafin ta aika cefane. Mu na manya biyu muke karɓa, yaran su ci a ciki, wata rana har a rage na dare. Riyal 35 ne a rana, mai kawowa riyal 10, wata ya tashi kusan riyal 1,000.

Kuɗi ne masu nauyi a gida irin namu. Duk wadda maigidanta ke aiki a kamfani ta san kuɗin da ake biya kan iyali: tun watan Yuli na 2020 riyal 400 ne a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa. Ni da yara biyu riyal 1,200 ke nan tun ba a sayi ƙwayar shinkafa ba, kuma wanda ke tafe, in Allah ya sauke ni lafiya, zai mayar da shi 1,600. A wannan watan na Yuli ne dai harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Ga haya, ga kuɗin rauda, wato makarantar ƙananan yara, na babban, ga pampas na ƙaramar da bai ƙare ba za a ƙara wani. Sai da Abbansu ya zauna da biro da takarda, ya cire abin da muke kashewa a cefanen rana da gas da abincin waje na ranakun da na kasa tashi, ya ga bambancin bai kai yadda muka zata ba. Shi ne ma ya ce a gwada.

Da muna unguwar Sabil har yanzu, da babu abin da zai kai ni ga sayen tuwo. A can, mace in cikinta ya shiga wata bakwai, kwano ne zai riƙa shigo mata daga maƙwabta ba ta tambaya ba, 'yan matan layi su ɗauke mata yara su goya har magariba. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 aka ci gaba a 2022 ya kwashe Sabil da Kandara da Gulail da Karantina da wasu unguwannin da mutanenmu suka daɗe a ciki, kowa ya nufi inda aljihunsa ya kai shi. Mu muka faɗo arewacin gari, hawa na uku a benen da ba lif. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, muna gaisawa a matakala, amma ƙofar kowa a rufe take. Mahaifiyata tana Kano, sai dab da haihuwa za a nema mata bizar ziyara. Ita ma Hajiya rusau ɗin ne ya taso ta, yanzu tana can gabas, bayan titin Haramain, kuma yawancin gidajen da take aika wa abinci tsofaffin maƙwabtanta ne da suka watse.

Abincin kuwa ba ni da abin cewa sai Allah ya saka. Tuwon shinkafarta da shinkafar Masar take yi, mai gajeren ƙwaya, wadda ke nuna ta haɗe jikinta. Duk wadda ta taɓa gwada tuƙa basmati ta san wahalar banza ce. Malmala tana zuwa fara sol, ba gudaji, in kin gutsura ba ta wargajewa a hannu. Miyar kukarta ita ce ta fi kwanta mini. Kuka da daddawa daga gida ake kawo mata ta hannun masu zuwa Umara, kukar kore shar, ba wadda ta shekara a buhu ta koma ruwan ƙasa ba. Tana sa busasshen kifi da ta cire wa ƙaya tsaf, kuma man shanu ba ta zuba shi a ciki, a ɗan ƙaramin kwano take aiko shi daban, soyayye da albasa. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin akwai ranar da ko ƙamshinsa ba na so, akwai ranar da in babu shi ba zan iya haɗiye loma ba. Ana samun miyar taushe da kabewa da alayyafo, ana samun dambu da zogale, faten wake da hanta, waina ranar Alhamis. Kunun tsamiya na geron Jizan ana ƙara masa kuɗi kaɗan, ni ina karɓa saboda yamma.

'Yar tawa shekararta biyu da 'yan watanni, tun da aka yaye ta take wahalar da ni a kan ci. In ba zabadi, wato yogot, da biskit ba, sai ta kawar da kai ta damƙe baki. Ranar da aka kawo miyar kuɓewa ɗanya na zaunar da ita a kan ledar cin abinci, na gutsuro tuwo kamar kan yatsa na dangwala. Ta tsaya tana kallon yauƙin yana bin hannuna, ta sa yatsa ta ja shi, ya miƙe ya tsinke, ta yi dariya, sai ta buɗe baki. Ta ci har ta fara kai hannu kwanon da kanta, miya har gwiwar hannu, har gashi. Yayanta mai shekara huɗu shi waina ce tasa, yana tsaga ta biyu ya cinye gefen da ya soyu ya miƙo mini tsakiyar. A da, in an tambaye shi me zai ci, soyayyar kazar gidan abinci na Albaik kawai ya sani.

A wajen awo likita ta ce jinina ya yi ƙasa, ta rubuta mini ƙwayar ƙarin jini, ta ce in dage da wake da ganye da nama, in daina bin abinci da shayi nan take domin yana rage abin da jiki ke ɗauka. Jerin Hajiya ya zo daidai da wannan ba tare da ta sani ba. Amma kada wata ta ajiye maganinta ta ce zogale ya wadatar. Ni ina shan nawa kullum, in matsa lemon tsami a faten wake.

Inda muka yi ja-in-ja da ita gishiri ne da dunƙule da kanwa. Hannunta yana da nauyi a kansu, kamar yawancin iyayenmu. Awo ya nuna alamar hawan jini a wata na shida, aka ce in sa ido. Na kira ta na ce, “Hajiya, don Allah a rage mini gishiri da dunƙule, kanwar ma in da hali a bar ta.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “'Yar nan, mu da kunun kanwa muka yi jegonmu duka, ga mu nan garau.” Ban yi musu da ita ba, uwa ce. Na dai gaya mata abin da na sani: tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wajen masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙasa. Kanwa gishiri ce mai ƙarfi, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gama ɗaukar nauyin ciki wata tara kuma ba ta buƙatar ƙarin aiki. Ta ce to, lafiyarki ta fi. Tun daga ranar take ɗebe nawa a ƙaramar tukunya kafin ta ƙarasa ɗanɗana na sauran gidaje, yaji kuma a ƙulle daban saboda yara. Sai dai ranar da ba ta jin daɗi 'yarta ta karɓi girkin, mantawa ake yi, miya ta zo da gishirinta cif. In na ɗanɗana na ji haka, yara da Abbansu ke ci, ni in dafa ƙwai. Don haka sharaɗin nan ba faɗa ɗaya ake yi masa ba, duk daren Asabar sai na sake tunatarwa.

Babban aibin tsarin shi ne lokaci, kuma har yau ba a gyara ba. Alkawari ƙarfe ɗaya ne. Mai kawowa mutum ɗaya ne da ƙaramar mota, gidajen kuma a warwatse suke daga gabas zuwa arewa, ga cunkoson tashin makarantu. Wata rana ɗaya da rabi, wata rana sai an kira la'asar. Babba zai iya haƙuri, yaro ɗan shekara biyu ba ya jin wannan magana, mai ciki ma yunwa in ta taso mata jiri take kawowa. Dole na riƙa ajiye ayaba da zabadi da burodin tamis daga shagon da ke ƙasan benen, in toshe musu baki kafin abinci ya iso, kuma in sun cika ciki da waɗannan sai tuwon ya zo su ƙi shi. Wannan yana ɓata mini rai, domin dalilin biyan kuɗin ke nan. Da farko ma mai motar ba ya hawowa, sai ya kira in sauko hawa uku da ciki, in bar yara a sama suna kuka. Abbansu ya yi magana da maigadin benen, yanzu shi ke karɓa ya hawo da shi, muna ɗan yi masa ihsani a ƙarshen wata.

A leda take ƙulla tuwo da zafinsa, miya a robobi marasa kauri da ke lanƙwashewa. Ban so hakan ba. Na sayi kula ta ƙarfe mai hawa uku guda biyu a kasuwar Balad, ɗaya tana wajenta ɗaya tana wajena, mai mota ya kawo cikakkiya ya tafi da wankakkiya. Ba ta ƙi ba.

Kafin mu biya watan farko na roƙi Abbansu ya kai ni gidanta, kuma ina ba kowa shawarar ta yi haka. Kicin ɗin ƙarami ne, mutum biyu sai da dabara. Risho mai kai uku a ƙasa, tukwane a kife a kan shimfiɗaɗɗen tawul, muciyoyi rataye a ƙusa, kowace da tukunyar da take shiga. Na ga nama a firji a ƙulle kashi-kashi, na kowace rana daban. Kanta a ɗaure tamau, hannunta ba zobe ba awarwaro, farcenta a yanke. Kwandon shara yana da murfi kuma a waje yake. Ta buɗe mini bokitin daddawa na shinshina da kaina. Ba ta ji haushin zuwana ba, har ta zuba wa yara kunu, ta kama ƙafata ta danna ta ce kumburin bai yi yawa ba amma in riƙa ɗaga ta a kan matashi.

Surukata da ta ji labari ta waya ta ce, mace da hannunta da ƙafarta a saya mata tuwo? Na fahimce ta, a gidan da ta haihu akwai kishiyoyi da facaloli da ƙannen miji, ranar girki ma juyawa take yi. Na ce mata, “Umma, daga ƙarfe goma zuwa azahar a tsaye nake a kicin da zafin Jidda, bayana kamar zai tsage, ƙaramar tana riƙe da zanina kusa da wuta.” Yanzu a wannan lokacin nake yi mata wanka a natse, in wanke kayansu, in kwanta ta gefen hagu ita kuma tana wasa a kusa da ni. In babban ya dawo daga rauda ina da ƙarfin da zan zauna mu biya karatunsa, ba tsawa nake tarbarsa da ita ba. Umma ta ce Allah ya raba lafiya, ba ta sake tayar da maganar ba.

Wadda aka yi wa gwajin suga na tsakanin mako 24 zuwa 28 aka ce ya hau, ta nuna wa likitarta jerin abincin kafin ta biya, domin tuwo da waina da kunu duk masu tayar da shi ne. Wadda ke can wajen Abhur, a ƙarshen arewacin gari, kuma ta haƙura ta nemi ta kusa da ita, abincin zai iso mata a sandare.

Hajiya tana da tsari na daban na masu jego har arba'in: farfesun kaza ko na kayan ciki, gasasshen nama, kunu safe da yamma, tuwo da rana. Kuɗinsa ya fi na yau da kullum, kuma ba ta ɗaukar masu jego da yawa a lokaci ɗaya, don haka tun cikin yana wata takwas ake kama wuri. Na ba da kafin alƙalami. Na ce kunun gyaɗa da na tsamiya nake so, ban da na kanwa, ta amince. Mun kuma shirya da Abbansu cewa a makon farko shi zai riƙa biyawa ya karɓo da kansa kafin ya wuce aiki, ba za mu jira mai mota ba.