Sharhi: Aikin mata masu kula da hanyar burji

Ƙauyen da ya ba ƙungiyar mata kula da hanyarsa, irin tsarin ba mutanen gari kula da hanya da shirin gyaran hanyoyin karkara na RAMP II ya kawo Adamawa da Neja, bai yi zaɓen tumun dare ba. Sun fi ƙwarewa a yashe kwalbati da lambatu kafin damina. Cike rami ma suna yi daidai: a share, a zuba marmara mai danshi, kaurin yatsu 4, a daddaɓe, sannan a ƙara. Raunin aikin daɓen hannu ne. Ruwan Agusta da manyan motoci kan tone shi. Ƙaya kuma na yawan fasa tayar baro. In kuɗin wata ya makara, sai su koma gona, ramuka su dawo. Zaizayar da ta ci rabin hanya kuwa sai gireda.