Manhajar kallon Formula 1: ta ba ni komai, ta hana ni zagaye huɗu na ƙarshe

Shekara biyu ke nan ina biyan kuɗin wannan manhaja da ake kallon tseren Formula 1 kai tsaye a cikinta, kuma tsakani da Allah ita ta koya mini wasan. A da motoci kawai nake gani suna ta zagaye, a zatona wanda ya fi taka wuta shi ne gwani. Ranar da na fara buɗe kyamarar da ke bisa kan direba, na ga hannuwansa a kan sitiyari, na ji yadda yake sauke giya yana taka birki kafin kwana, na saurari maganarsa da injiniyansa ta rediyo, a ranar na gane rabin tseren a bakin gareji ake yin sa. Akwai kuma allon da ke nuna tazarar kowace mota da ta gabanta, da irin tayar da aka ɗaura mata: mai jan layi ita ce mai laushi, mai rawaya tsaka-tsaki, mai farin layi mai tauri, koriya kuma ta yayyafi. Wannan allon kaɗai ya cancanci kuɗin. Da a nan maganar ta tsaya, tauraro biyar zan ba su ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Sai ga ranar Lahadi 7 ga Yulin 2024, tseren Birtaniya a Silverstone, filin da aka fara gasar duniya ta Formula 1 a cikinsa a 1950. Ni mutumin Lewis Hamilton ne, ba na ɓoyewa. Rabonsa da cin tsere tun na Jidda a watan Disambar 2021, kwana 945 cif, kuma duk tsawon wannan lokaci ban fasa zama gaban allo ba, har ranakun da motar Mercedes take tsalle a kan kwalta kamar za ta karya masa baya. Tun watan Fabrairu aka sanar zai koma Ferrari a 2025, don haka wannan ne tserensa na ƙarshe a gida cikin motar da yake tuƙawa tun 2013. George Russell ne ya tashi a gaba, Hamilton na biyu, Lando Norris na uku, 'yan Birtaniya uku a jere, Max Verstappen yana biye da su.

Na shirya tun da wuri. Babban allo na ɗauke da tseren, wayata na ɗauke da kyamarar motar Hamilton, abin sauraro a kunnena. Kuma wallahi manhajar ta yi aiki kamar ba gobe. Da yayyafi ya fara sauka na ga ɗigon ruwa a kan gilashin kyamarar tun kafin masu sharhi su ambata. Na ga Hamilton ya wuce Russell, na ga motocin McLaren biyu, ta Norris da ta Oscar Piastri, sun zo sun wuce su duka. Na ga yadda aka bar Oscar Piastri ya ƙara zagaye ɗaya da tayar rani a kan jiƙaƙƙen titi, allon tazara yana nuna daƙiƙoƙinsa suna zubewa kamar ruwa a kwando. Russell ya ajiye mota saboda matsalar ruwan injin. Da titi ya fara bushewa aka kira Hamilton ya sa taya mai laushi zagaye ɗaya kafin Norris, shi kuma Norris da ya shigo ya zarce layin tsayawarsa, makanikai suka ɗauki fiye da daƙiƙa huɗu a aikin da suka saba gamawa cikin biyu da 'yan kai. Su ne fa suka kafa tarihin daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023, a kan motar wannan Norris ɗin. Ya fito a bayan Hamilton. Na miƙe tsaye ban sani ba.

Abin tsoro shi ne Verstappen. Red Bull sun sa masa taya mai tauri, wadda ba ta saurin cinyewa, ga ta Hamilton da ta Norris masu laushi sun fara gajiya. A zagaye na 48 cikin 52 ya wuce Norris, ya rage tsakaninsa da Hamilton kusan daƙiƙa uku. Ina kallon lambar tana raguwa, tafin hannuna ya jiƙe da gumi.

A nan hoton ya tsaya. Motar ta daskare a tsakiyar kwana, wani ɗan da'ira ya fito yana ta juyawa. Na jira. Na koma waya, ita ma haka. Na rufe na buɗe, sai aka ce in sake shigar da adireshina da kalmar sirri, abin da ba a taɓa tambayata ba tun ranar rajista. Hannuna na rawa na yi kuskure sau biyu. Na gwada buɗe wani bidiyo a wata manhajar don in tabbatar ba intanet ɗina ba ne, ya buɗe tar babu ko gargada. Ina komawa, kafin hoto ya dawo, sai ga sanarwa ta faɗo a saman wayar, daga ita manhajar da kanta, cewa Hamilton ya lashe tseren Birtaniya. Ta kasa nuna mini tseren, amma ba ta kasa aiko mini da sakamako ba.

Na zauna shiru. Abin da na yi kwana 945 ina jira ya faru, kuma an yi ba ni. Nasararsa ta 104, ta tara a Silverstone, abin da babu direban da ya taɓa yi a fili guda, har Michael Schumacher da ya ci takwas a Faransa. Murna ta zo, amma a daƙushe, ta haɗu da wani ɗaci da ya tsaya mini a maƙogwaro.

A daren na rubuta musu. Bayan kwana uku amsa ta zo, wai in goge manhajar in sake saukewa, in kuma duba ƙarfin intanet ɗina, alhali a wasiƙar farko na bayyana musu na riga na duba. Na sake rubutawa, aka sake aiko mini da wannan amsar dai, kalma da kalma. Ko kalmar ban haƙuri ta gaske babu, balle a ce ga abin da ya faru. Wannan ya fi daskarewar hoton yi mini ciwo, domin na'ura tana iya samun matsala, amma wanda ya karɓi kuɗinka ya kamata ya saurare ka.

Yanzu da nake rubutu ma wasu abubuwan suna dawo mini. Sau da yawa kyamarar direba ba ta tafiya daidai da babban hoto, sai ka ji injiniya yana kiran mota ta shigo canza taya alhali a allonka ta riga ta fita. Allon tazara kuma yakan riga hoto, ka ga suna ya hau sama kafin ka ga an wuce. Na daɗe ina kawar da kai saboda daɗin da nake ji, ashe taruwa suke yi. Kuma sanarwar sakamako a kunne take zuwa, sai ka tona can cikin saiti kafin ka kashe ta, duk da cewa su da kansu suke tallar ana iya kallon tsere daga baya.

Washegari na kalli maimaici, kuma a nan dole in sake yaba musu, domin komai yana ciki. Na zaɓi kyamarar Hamilton daga zagaye na 48 har ƙarshe, na ga yadda yake lallaɓa tayoyin gaba a Copse da Becketts, ya tsallake layi da tazarar daƙiƙa ɗaya da rabi. Na ji muryarsa tana karyewa yana kuka a rediyo yana magana da injiniyansa Peter Bonnington, na ga mahaifinsa ya rungume shi ya daɗe bai sake shi ba. Ni ma hawaye sun zubo mini. Amma na riga na san ƙarshen, zuciyata ba ta buga ko sau ɗaya ba.

Tauraro uku na ba su. Na kashe sabunta rajista ta shekara, na koma biyan wata-wata, kuma duk ranar tsere yanzu ina ajiye wata hanyar kallon a buɗe a gefe, sanarwar waya kuwa a kashe take tun daga ranar Juma'a.