Famfon fetur na tsohuwar mota ya fara yoyo: gyara, sabo, ɗan gwanjo ko na lantarki?

Tsofaffin motoci masu kafireta, irin Peugeot 504 wadda kamfanin PAN na Kaduna ya yi shekaru yana haɗawa bayan ya fara aiki a 1975, ba su da famfon lantarki a cikin tanki kamar motocin zamani. Famfonsu yana ɗaure ne a jikin injin, kamshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin injin tana buɗe bawul, ke motsa shi ta hanyar hannu ko gajeriyar sandar ƙarfe, shi kuma yana ɗaga wata fatar roba yana sauke ta, ta zuƙo fetur daga tanki ta tura shi kafireta. Wannan fata, wadda kanikawa ke kira dayafaram, ita ce ke bushewa ta tsage idan shekaru sun yi nisa, kuma yawancin yoyon famfo daga nan yake farawa.

Kafin a kashe ko sisi, ya kamata a tabbatar cewa famfon ne ke yoyon, domin sau da yawa tiyon da ke shiga ko fita ne ya tsattsage a baki, ko kilif ɗinsa ya saki, alhali famfon lafiyarsa ƙalau. A goge wurin ya bushe, a tayar da injin a sarari, nesa da wuta, a duba inda jiƙar ta fara ɓullowa. Idan baƙin mai ne ke tsatsowa daga inda famfon ya haɗu da injin, gasket ne kawai ya mutu. Idan kuwa fetur ke ɗigowa daga ɗan ramin da ke ƙasan famfon, fatar ta tsage. Yoyon da ya fi haɗari shi ne wanda ba a gani, inda fetur ke gangarawa cikin injin ya gauraya da baƙin mai. Alamarsa ita ce man ya ƙaru a jikin geji ba tare da an ƙara ba, ya tsinke, yana warin fetur. Motar da ta kai wannan hali bai kamata a ci gaba da hawanta ba, domin tsinkakken mai ba ya kare ƙarfen injin daga gogayya.

Hanya mafi araha ita ce sauya fatar da bawul-bawul ɗin ciki, a bar gangar jikin famfon. Hakan yana yiwuwa ne kawai a famfon da aka haɗa samansa da ƙasansa da sukurori. Wanda aka matse bakinsa tun daga masana'anta ba ya buɗuwa, sai dai a sauya shi ɗungurungum. Idan famfon asali ne da ya zo da motar, kuma fuskarsa ba ta lanƙwashe ba, gyaran yana da ma'ana, don ƙarfen tsofaffin famfuna ya kan fi na yawancin sababbin da ke kasuwa inganci. Matsalar ita ce samun fata mai kyau. Wadda ta shekara da shekaru a kan kanta a shago ta riga ta bushe tun ba a ɗaura ta ba, sannan robar da ake yi a da ba ta jure fetur mai gaurayen sinadarai irin etanol da metanol. Waɗanda suka tuna gurɓataccen fetur mai metanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 sun san cewa wannan ba zancen ƙasashen waje ba ne kawai. Duk bakaniken da ya ce zai yanko fata daga tsohon tub na taya, a ba shi haƙuri, domin robar tub kumbura take yi idan ta sha fetur.

Ɗan gwanjo, wanda ake cirowa daga injinan da aka shigo da su, shi ne zaɓin da na fi ba da shawarar a guje wa. A wasu kayan mota, kamar giya ko kan injin, na gwanjo ya kan fi sabo aminci, kuma wannan ne ya sa mutane ke zaton haka abin yake a komai. Amma abin da ke mutuwa a famfo roba ce, ita kuwa roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye, har ma ta fi saurin bushewa idan famfon ya daɗe babu fetur a cikinsa. Amfanin ɗan gwanjo guda ɗaya ne: a saye shi don gangar jikinsa, a sa masa sabuwar fata.

Sabon famfo irin na asali shi ya fi dacewa da mafi yawan masu mota, amma a nan ne ake buƙatar buɗe ido. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za a nuna wa mutum famfuna iri-iri a farashi mabambanta, kowanne ana ce masa orijina. Sunaye irin Sofabex da Pierburg sanannu ne a wannan fanni, sai dai sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ce. Abin da ya fi shi ne a ciro tsohon famfon a je da shi, a aza su gefe da gefe. A gwada tazarar ramukan noti, da tsawon hannun da yadda ya lanƙwasa, da inda bakunan tiyo suka fuskanta, da yawansu, domin wasu famfunan suna da baki na uku mai mayar da rarar fetur tanki. A kuma jijjiga bakunan da yatsa, saboda bakin da aka cusa ba a matse sosai ba yana iya zarewa a kan hanya ya fesa fetur a kan injin mai zafi. Masu Volkswagen Beetle su lura cewa sandar turawa iri biyu ce, mai milimita 108 da mai milimita 100, kuma kowace da famfon da ya dace da ita. Idan aka haɗa doguwar sanda da famfon gajeriya, ƙarfin turin zai wuce kima ko famfon ya lalace. Haka nan farantin da ke tsakanin famfo da injin a mayar da shi yadda yake, don yana hana zafin injin isa ga famfon, kaurinsa kuma shi ke daidaita nisan motsin hannun.

Famfon lantarki yana da masoya, kuma suna da hujja: yana cika kafireta da zarar an murɗa makulli, don haka motar da ta kwana biyu a ajiye ba ta wahalar da batir, kuma yana rage matsalar tafasar fetur a cikin bututu a lokacin bazara. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura famfon motar injekta. Kafireta tana buƙatar turi kaɗan ne, wajen 0.2 zuwa 0.3 a ma'aunin ƙarfin turi da ake kira bar, shi kuwa na injekta yana kaiwa bar 3, wanda zai rinjayi allurar kafireta fetur ya yi ambaliya. Dole a nemi mai ƙaramin turi, irin su Facet, a ɗaura shi ƙasa kusa da tanki tare da filta a gabansa, domin ya fi iya turawa a kan zuƙowa. Sai rewaya ya sa masa fiyus da rilai, da makashin da zai tsayar da shi idan injin ya mutu. Famfon asali yana tsayawa da kansa in injin ya tsaya, amma na lantarkin da aka jona kai tsaye da makulli zai ci gaba da kwararo fetur ko da mota ta yi hatsari. Sannan a cire tsohon famfon a toshe gurbinsa da faranti, kada a bi da fetur ta cikinsa, don tsagaggiyar fatar za ta riƙa zubar da shi cikin injin. Idan aka lissafa duk wannan, kuɗinsa ya kan haura na sabon famfo mai kyau, shi ya sa nake ganin ya dace ne kawai idan an rasa irin na asali, ko wurin da ke tura hannun a jikin kamshaf ya cinye.

Kowanne aka zaɓa, a haɗa da sabon gasket, da filta, da tiyon da aka yi shi musamman don fetur, da sababbin kilif maimakon waya. Idan an ji warin fetur a baƙin mai, a juye shi tare da filtarsa a ranar da aka ɗaura famfon, kafin motar ta hau titi.