Arabika ko Robusta: wanne ya fi ba mai inganta iri abin zaɓa a gonar ban-ruwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai son inganta irin kofi don gonar ban-ruwa da Arabika zai fara ko da Robusta, kuma ko yawan bambancin gado yana ƙara wa ƙwaya daɗi.

Arabika ce mai daɗin sha, amma danginta kaɗan ne. Kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, 44 gare ta, kuma furenta kan yi wa kansa barbara, shi ya sa 'ya'yan ke fitowa kamar uwar ta yi kaki. Tarihi ya ƙara ƙuntata ta: daga dazuzzukan Habasha aka kai ta Yaman, daga can 'yan tsiraru suka fita suka zama nau'ukan Typica da Bourbon, waɗanda akasarin Arabikar Latin Amurka ta fito daga gare su, har da wadda ta shiga Brazil a 1727. Mai zaɓen iri ya shiga gona ya tarar bishiyoyin duk 'yan ɗaki ɗaya ne, to me zai zaɓa? Cuta ma da ta kama ɗaya ta kama duka, kamar yadda tsatsar ganye ta yi wa gonakin Sri Lanka daga 1869.

Robusta kuwa kuromosom 22 ne, kuma furenta ba ya karɓar barbara daga bishiyarsa, sai daga wata. Kowace ƙwaya ka shuka da halinta take tsirowa. Tana da manyan gidaje biyu, na yankin Gini da Kodebuwa, da na Kongo, a ciki akwai mai babbar ƙwaya, mai saurin nuna, mai jure zafi. Wahalar ita ce in ka dace da bishiya mai kyau, ƙwayarta ba za ta maimaita ta ba, sai dai ka dasa reshe, kuma gonar da aka cika da rassan bishiya guda ba ta haihuwar kirki. Dalilin da ya sa ke nan irin Vitória, da aka fitar a jihar Espírito Santo ta Brazil a 2004, ya ƙunshi rassan bishiyoyi 13 da ake dasawa tare.

A kofin sha, Arabika ta fi sukari da mai, kafeyin ɗinta bai cika wuce kashi 1.5 cikin ɗari ba. Na Robusta yakan haura kashi 2, ga ɗaci. Bambancin gado shi kaɗai ba ya sa daɗi. Dama yake ba ka ka nemo mai daɗin. An yi ƙoƙarin haɗa Arabika da Robusta ta hanyar wata bishiya da ta samu daga barbararsu a tsibirin Timor, aka haɗa ta da Caturra, wani nau'in Arabika, a Fotugal a 1959 aka sami irin da ake kira Catimor. Ta jure tsatsa, amma masu ɗanɗano sun daɗe suna yi wa na farkon kallon hadarin kaji.

Ban-ruwa kuma yana da nasa sharaɗi. Kofi ba ya fure gaba ɗaya sai ya ɗan sha ƙishi sannan ruwa ya zo. In kana shayar da shi kullum, furen zai riƙa fitowa kashi-kashi, a wajen girbi ɗanye ya gauraye da nunanne, ingancin ya zube ko da irin na kirki ne. A yankin Cerrado na Brazil kan ɗauke ruwa sama da wata biyu a lokacin rani saboda haka. Don haka a gwajinka ka auna yadda kowace bishiya ke nuna tare, ba nauyin buhu kaɗai ba.

Ni dai in ƙasar mai zafi ce kuma ba tudu ba, da Robusta zan fara, in ɗanɗana kofin kowace bishiya daban kafin in yanke reshenta. In tudu ne mai sanyi, Arabika, amma sai an shigo da jinin Habasha cikin haɗin.